Masu Saitin Waya a Jega: Daga Burauzin Kyauta Zuwa Rufe Twitter

Maƙera na da sarkinsu, mahauta na da Sarkin Fawa, dillalan albasa a Aliero ma sun san inda ake kai ƙara idan ciniki ya lalace. Mu masu saitin waya ba mu da kowa. Sana'ar ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, babu wanda ya gaje ta wajen ubansa, kuma rabin abin da muka ƙware a kai shekara goma baya, yau ko ƙullin gishiri ba zai saya maka ba. Gara a rubuta tun da sauran masu tunawa.

Jega garin hanya ce tun asali. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta wajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin yammacin ƙasar Hausa. Fataken goro masu zuwa Gwanja nan suke yada zango. Har gobe nan titin Sakkwato da ya biyo ta Aliero, da na Birnin Kebbi, da na Yawuri da ya ratsa Maiyama suke haɗuwa. Jarin madugu a wancan zamani shi ne sanin hanya: ina aka tare, ina kuɗin fito ya yi tsada, ta ina za a zaga. Abin da ake kira VPN ma zagaye ne. Maimakon saƙonka ya miƙe inda ka nufa kowa na ganinsa, sai a ƙunshe shi, a kai shi wata na'ura a wata ƙasa, daga can ta miƙa shi. Aikinmu shi ne gano inda ayarin ya tsaya.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001 da MTN da Econet, Glo ta biyo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Kafin ta wadata a nan, masu lema da tebur ne ke sayar da kira a bakin tasha. Intanet kuwa sai a kafe, ka sayi awa guda, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Abin da ya sauya mana kasuwa shi ne kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a 2006, zamanin gwamna Adamu Aliero. Ɗalibai suka zo daga wurare daban-daban da wayoyin Nokia masu Opera Mini, daga baya da 2go, kowa na neman mai sa masa saitin burauzin. Da hannu ake rubutawa, harafi bayan harafi. Ɗigo ɗaya ya ɓace, waya ba za ta motsa ba. Nan na fara cin abinci, a kan benci, kusa da mai cajin batir.

Mutanen da suka ƙirƙiro VPN ba mu suka tuna ba. Kamfanin Microsoft ya fito da tsarin PPTP wajen 1996 don ma'aikaci ya shiga kwamfutar ofis daga gida, OpenVPN ya zo a 2001, WireGuard ya shiga cikin Linux a 2020. Duk don tsaron sirri. A wajenmu kuwa tsadar data ce ta kawo shi. Kamfanonin waya sukan bar wasu shafuka kyauta, irin nasu na duba kuɗi ko na talla. Sai yara masu kai suka gano cewa idan aka yi wa saƙo shigar burtu, ya yi kamar can shafin kyautar ya nufa, zai wuce ba a cire ko kwabo ba. Shi ake ce wa cit. Your Freedom, Psiphon, Tweakware, HTTP Injector: waɗannan sunaye sun fi sunan shugaban sashe yawo a bakin ɗalibai. Malamai sun ce cin haƙƙin kamfani ne, ni ma ban ga ta inda za a musa ba. Amma wanda zai ba da tarihin sana'ar ya tsallake wannan babi ya yi ƙarya, don a nan ne kowa ya koyi aikin. Cit ba ya daɗewa. Yau ya yi, jibi an toshe, mai waya ya dawo yana huci. Dole ka iya bambance ko ramin ne aka cike, ko na'urar can waje ce ta mutu, ko kuwa wayarsa ce ke da ciwo.

Akwai kuma ƙalilan masu VPN na gaskiya, malaman jami'a da ma'aikatan ƙungiyoyin lafiya masu tura rahoto hedikwata. Su kwamfutarsu da lamba take kuka. Idan ta ce 691, suna ne ko kalmar sirri ba daidai ba, sau da yawa ma kalmar ce wa'adinta ya cika. Idan ta ce 800 ko 809, ba ta iske na'urar can ba, ko wani abu a tsakani ya hana. Na farko ba aikina ba ne, sai in ce ya kira ofishinsu. Na biyun ne ake zama.

Sai 2021. Ranar 2 ga Yuni Twitter ta goge wani rubutun Shugaba Buhari. Ranar 4 ga wata ma'aikatar yaɗa labarai ta Lai Mohammed ta sanar da dakatar da kamfanin, kuma a Twitter ɗin ta saka sanarwar. Washegari shafi ya daina buɗewa, ministan shari'a Abubakar Malami, ɗan jihar nan tamu, ya ba da umarnin gurfanar da masu zagayewa. Ban ga umarnin ya rage mini ciniki ba. Abin da ya canza shi ne irin masu zuwa. Da yara ne masu neman na banza. Yanzu ga yaran 'yan siyasa masu yaɗa hotunan maigida, ga 'yan jarida, ga masu bin labarin ƙwallo, ga dattawan da ko Twitter ba su da ita, sun dai ji ana cewa a sa VPN kada a rufe musu waya.

Kusan kowa ƙorafinsa ɗaya: an sa, tana ta juyawa, ta ƙi kamawa. Ni kuma ba na fara taɓa manhajar. Sai in kashe ta, in buɗe kowane shafi. Idan bai buɗe ba, magana ta ƙare, babu data ko babu sabis, mutum ya dawo daga ƙauyen Maiyama inda sandar sabis ɗaya ce tak yana zargin VPN. Idan ya buɗe, sai in tambayi wace irin data ya saya. Nan aka fi faɗawa. Akwai 'yar data mai arha ta WhatsApp da Facebook kaɗai, kamfani kuwa yana gane ta ne da inda saƙo ya nufa. VPN ya rufe wannan, kamfani bai ga WhatsApp ba, sai ya hana wucewa ko ya koma cin katin kira.

Bayan wannan sai agogo, wanda ya fi ba ni dariya. Wani dattijo mai sayen albasa ya miƙo mini tasa, ya ce, “Ɗana, duba mani wagga waya. Yaro ya sa mata abin nan, ta ƙiya.”

Na duba, na ce, “Baba, ina kake kai ta caji?”

“Nan bakin kasuwa. Batir ɗin suka cirewa su sa ma wuta.”

“To ai wayarka tana can shekarun baya, ba ta iso bana ba.”

Ya ce, “Mi ag gamin kwanan wata da Tuwita?”

Gamin shi ne, kafin wayarka ta yarda da na'urar can waje, sai ta duba wata shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan an cire batir agogo ya koma baya, sai wayar ta ga shaidar lokacinta bai zo ba, ta ƙi. Na gyara kwanan wata, ta kama nan take. Ya so ya biya, na ce ya bar shi. Da yamma ya aiko da albasa.

Sauran cututtukan ba su da daɗin labari. Wayoyin nan masu sauƙin kuɗi sukan kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, allo na mutuwa VPN ya yanke, sai an shiga an ce a ƙyale shi. Wani ya loda guda uku, alhali Android ɗaya kawai take bari ya yi aiki a lokaci guda. VPN na kyauta kuma jama'a sun yi musu yawa, sai ka bar Amurka ka koma Holan ko Jamus. Idan duk wannan bai yi ba, sai a canza ƙofar fita zuwa ta 443, wadda shafukan banki da na imel ke bi, ba a iya toshe ta ba tare da an toshe kowa ba. Ra'ayina game da na kyautan bai canza ba: wanda ya ɗauki nauyin na'urori a Turai bai karɓi sisinka ba, yana da inda yake fanshewa, kai kuma duk sirrinka ta hannunsa yake bi. Na faɗa wa masu POS har na gaji. Su dai abin da ya dame su shi ne manhajar banki ta ƙi buɗewa, don bankin ya ga mai asusun Jega ya bayyana a Amstadam cikin dare. Saboda wannan zagaye, a waɗancan makonni har a jerin batutuwan da suka fi tashe a Twitter a wasu ƙasashen Turai an riƙa ganin rigingimun Nijeriya.

Wata uku da fara wannan, aka nuna mana iyakarmu. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk jihar Zamfara, bisa roƙon gwamna Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Katsina ta bi a wasu ƙananan hukumomi, Sakkwato ta rufe 14 daga cikin 23. 'Yan kasuwar da ke zuwa mana daga wajen Gummi sai sun kusa Jega wayarsu ke farfaɗowa, saƙonnin kwanaki su yi ta shigowa a jere. Da yawa sun zo da kuɗi a hannu, a sa musu irin abin da ya buɗe Twitter su koma da shi gida. Na san akwai waɗanda suka karɓa suka sa, kuma wannan zalunci ne. Twitter ƙofa ɗaya aka kulle a gida mai ƙofofi. A Zamfara turakun sadarwar ne aka kashe, babu abin da waya za ta kama balle ta zaga. Abin da na iya yi musu shi ne in nuna musu yadda za su rubuta saƙonninsu su ajiye, su tafi da kansu da zarar an shigo inda sabis yake. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka ƙara jira.

An buɗe Twitter ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222, a watan Yuli kuma kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Yawancin mutane ba su goge manhajar ba, ta zauna tana shan batir tana watso talla, har muka koma karɓar kuɗin cirewa. Ciniki ya ɗan motsa a Fabrairun 2024 da aka toshe shafin Binance, masu kirifto suka dawo layi. Ranar 14 ga Maris na shekarar kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, bankuna suka tsaya, masu POS suka yi cirko-cirko a kasuwa. Yaran da na koya wa aiki suka yi ta canza ƙasa, daga Jamus zuwa Kanada zuwa Singafo, har na ce su bar wahalar da kansu su koma teburin caji. Gyaran sai da jiragen ruwa suka zo, aka ɗauki makonni.