Takobi a Katsina, Suna a Maraɗi: Tarihin Alamomin Sarauta a Kwarin Gulbi

Ranar hawan salla, mutanen unguwar Zariya da na sauran sababbin unguwannin Maraɗi sukan yi tururuwa zuwa ƙofar fada domin kallo. Yaro ɗan makaranta yakan ga laima tana juyi bisa kan sarki, ya ji amon tambari da kukan kakaki, ya ga dogarai da manyan riguna, ya koma gida yana ba da labarin kyawun dawaki. Kakansa kuwa, a irin wannan rana, karatu yake yi. Daga naɗin rawanin mahayi yakan gane matsayinsa, daga taken da ake kaɗawa yakan san wanda ke tafe tun bai hango shi ba, daga tsagen fuska kuma yakan faɗi gidan da mutum ya fito. Waɗannan su ne alamomin sarauta, kuma tarihin Maraɗi da Tibiri ya nuna inda ƙarfinsu yake a zahiri.

Abin da ake kira alamar sarauta

Bahaushen yau yakan ce tambarin gwamnati ko tambarin kamfani, yana nufin zanen da ake bugawa a kan takarda. A fada kuwa tambari ganga ce mai siffar ƙwarya, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Wurin Buzayen Kel Geres ma, Tambari sunan sarauta ne. Wato kalma ɗaya ta ɗauki ganga da hatimi da mulki, domin aikinsu ɗaya ne: su shaida cewa ga mai iko.

Alamomin sun kasu gida uku. Akwai na ji, kamar tambari da kakaki da algaita da take da kirari. Akwai na gani, kamar laima da alkyabba da rawani mai kunne biyu da figini da takalman gashin jimina. Sai kuma kayan gado, waɗanda ake ɓoyewa a cikin gida ba a fito da su sai ranar naɗi, kamar takubba da tukwane da mundaye. Tarihin Kano ya jingina shigowar kakaki da figini da takalman jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma jingina lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kananeji tun kafin shi. Saboda haka al'adar ta haura shekara 500 a ƙasar Hausa.

Kayan da aka bari a Birnin Katsina

Tsohuwar daular Katsina tana da kayan gado da suka shahara. Na farko shi ne takobin nan Gajere, wanda ruwaya ta ce da shi Korau ya kashe Sanau ya karɓe sarauta daga gidan Durɓawa. A jikinsa akwai rubutun Larabci da ke ambaton Zulfiƙari, takobin Sayyadina Ali, kuma masani A. D. H. Bivar ya yi nazarinsa a littafin da ya wallafa a 1964 kan makaman sarakunan Arewa. Akwai tukunyar Korau ta ƙarfe, akwai Gwauron Tambari da ake bugawa ranar naɗi. Sannan akwai takobi na biyu, Bebe, wanda Katsinawa ke cewa ganima ce da aka samu daga Sarkin Gobir Yakuba a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da daulolin biyu ke gaba da juna.

A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Shi ma ya zo da tasa alamar, wato tutar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake ba kwamandojinsa. Amma sababbin sarakuna ba su watsar da Gajere ko Gwauron Tambari ba. Sun riƙe su, kuma da sarauta ta koma gidan Sulluɓawa a 1906, aka naɗa Muhammadu Dikko, kayan suka bi shi. Har yanzu suna fadar Katsina.

Tsohon gidan sarauta kuwa ya yi arewa. Sarki Magajin Halidu ya gamu da ajalinsa a Ɗankama, inda ruwaya ta ce ya faɗa rijiya bayan an ci su da yaƙi. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka fake a ƙasar Damagaram shekaru da dama, sannan wajen 1819 suka kafu a Maraɗi bayan mutanen kwarin sun yi wa wakilin Fulani tawaye. Sun iso ba birni, ba Gajere, ba tukunyar Korau.

Abin da aka taho da shi Maraɗi

Duk da haka ba wanda ya kira Ɗan Kasawa Sarkin Maraɗi. Sarkin Katsina aka kira shi, haka aka kira Rauda da Ɗan Mari da Ɗan Baskore da duk waɗanda suka biyo baya. Sunan shi ne alama ta farko da gudun hijira bai iya ƙwacewa ba, kuma a cikinsa akwai da'awa: birnin da ke kudu, ƙasa da kilomita 100, nasu ne, za su koma. Yaƙe-yaƙen da Maraɗi ta yi ta kaiwa ƙasar Katsina a tsawon ƙarni na 19 daga wannan da'awa suka taso.

Alama ta biyu ita ce jerin sarautu. An sake gina fada a kan manya huɗu masu zaɓen sarki, waɗanda ake kira rukuni: Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi. Aka kuma riƙe sarautar Iya, shugabar mata da ƴan bori. Abin lura shi ne, a Katsina ma waɗannan sarautu huɗu ba su mutu ba: Ƙauran Katsina yana Rimi, Galadima yana Malumfashi, Ƴandaka yana Dutsin Ma, Durɓi yana Mani. Hatta Maraɗi sunan sarauta ne, kuma Maraɗin Katsina shi ne hakimin Kurfi. Sai ya zamana daula ɗaya ta rabu biyu, kowane ɓangare yana ɗauke da cikakken jerin sunaye. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sai rabuwar ta zama ta ƙasa da ƙasa.

Sunayen sun sake nuna ƙarfinsu a 1945, shekarar da ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama. Da aka hau tudu aka sake gini, unguwanni irin su Ƴandaka da Limanci da Maraɗawa da Bagalam suka hau da sunayensu. Wanda ya san ma'anarsu, taswirar tsohon gari tana karanta masa tsarin fada.

Tibiri da tsagen Gobir

Labarin Gobir ya yi kama da wannan. A 1808 aka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar haɗin gwiwa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a fage ɗaya. Bayan haka Mayaƙi ya kafa sabuwar fada a Tibiri, wato Tsibirin Gobir, ƴan kilomitoci arewa maso yamma da Maraɗi. Jikokin waɗanda suka yi ta gwabzawa har aka ƙwace Bebe suka zama maƙwabta kuma abokan yaƙi, takobin kuwa yana hannun wani gida dabam. Sarki goma, zamani goma.

Gobirawa sun riƙe majalisar Tara da sarautar Inna, kuma a cikin kayan gadonsu masu ruwaya suna ambaton takobi da mundaye biyu, na zinariya da na azurfa. Amma alamarsu mafi fice ita ce wadda wanzami ke yi wa jariri: tsage shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Wannan tsage ana gadonsa ta wajen uba, ba a sayensa, ba a aronsa, kuma duk kasuwar da Bagobiri ya shiga, fuskarsa ta riga bakinsa gabatar da shi. Katsinawa ma suna da nasu. A yau iyaye da yawa sun daina yi wa ƴaƴansu, bisa dalilan lafiya da addini da sauyin zamani, kuma dalilan suna da nauyi. Sai dai shafin da ake rufewa ya cancanci a kwafe shi tukuna.

Misali daga Sikotlan

A ƙasar Sikotlan, arewacin Birtaniya, akwai wani laƙabi da ake kira baron, mai kama da hakimin da sarki ya ba ƙasa da ikon yin shari'a a cikinta. Alamarsa garkuwa ce mai zane da launuka na gidansa, da kwalkwali a bisanta, kuma a ƙarni na 20 an saba ƙara masa jar hula mai naɗin farar fata a cikin zanen. Tun 1672 doka ta wajabta rubuta kowace irin wannan alama a rajista guda a birnin Edinbara, ƙarƙashin wani alƙali mai laƙabin Lord Lyon, wanda kotunsa ke iya hukunta duk wanda ya yi amfani da alamar da ba tasa ba. A ranar 28 ga Nuwamba 2004 dokar da ta soke tsohon tsarin mallakar ƙasa ta fara aiki. Aka raba laƙabin da ƙasa, ya zama abin da ake gada ko a sayar shi kaɗai.

Baron na Sikotlan ya rasa ƙasa ta hanyar doka, Sarkin Katsina na Maraɗi ya rasa birni ta hanyar yaƙi, dukansu suna da alama suka saura musu. Bambancin yana wurin ajiya. Can takarda ce ke tsare alama, shi ya sa kuɗi kan iya sayen laƙabi rajista ta shaida. Nan kuwa jama'a ce rajista. Ba a zama sarki sai masu zaɓe sun zaɓa, an yi wankan sarauta, makaɗa sun kaɗa take, talakawa sun kawo gaisuwa. Ko a 2010, da gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautun Katsina ta Maraɗi da Gobir ta Tibiri da Doso zuwa matsayin sultan, takardar hukuma ta tabbatar ne da abin da tambari ya daɗe yana faɗa.

Kammalawa

Rajistar da ke cikin ƙirjin mutane tana da daraja, tana kuma da rauni guda: mutuwa. Duk Sarkin Tambura ko maroƙin fada da ya rasu bai koyar ba, ya tafi da taken sarakuna da kirarin sarautun da ba wanda zai sake jerowa daidai. Abin ya fi tsanani a ƙananan fadoji, irin na gundumar Jiratawa da garuruwan kwarin Gulbi, inda masu bincike ba su cika zuwa ba.

Aikin bai fi ƙarfin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu ba. Da izinin fada, ana iya buɗe littafi ga kowace sarauta: sunanta, gidan da ke gadonta, irin rawaninta, takenta, kirarinta, wurin tsayuwarta ranar hawa, da kayan da ake miƙa wa mai ita ranar naɗi. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya da hoto. Abin da fada ta ce sirri ne a bar mata shi. Ajin da ke unguwar Zariya zai iya fara da sunayen unguwannin tsohon gari, na Tibiri ya fara da zanen tsage a kan allo, na Jiratawa ya fara da dattawan ƙofar sarkinsu. Idan aka haɗa waɗannan littattafai da abin da ke fadar Katsina, takobi da suna za su sake zama a shafi ɗaya, karo na farko tun 1807. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ja zamanin sarakuna.