Furotin mai ƙyalli da tasirinsa ga girman ɗan tayin ɓera

Furotin mai ƙyalli alama ce da masana kimiyya ke dasawa a jikin halitta domin su bi diddigin ƙwayoyin jiki yayin da suke rarrabuwa. Mafi shahara shi ne GFP, wanda Osamu Shimomura ya gano a 1962 a jikin wata halittar teku mai suna Aequorea victoria. Idan aka haska shi da shuɗin haske, sai ya fitar da kore. Wannan aiki ne ya kai Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien ga samun kyautar Nobel a 2008.

A 1997 ne tawagar Masaru Okabe ta Jami'ar Osaka da ke Japan ta samar da ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar gadon wannan furotin, waɗanda suka rayu har suka hayayyafa. Tun daga nan ake amfani da dabarar wajen kallon yadda ɗan tayi ke ginuwa cikin kusan kwana 20 na goyon cikin ɓera.

Sai dai alamar takan shafi abin da ake aunawa ta hanyoyi huɗu. Na farko shi ne yawanta: wani bincike da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa taruwar GFP a tsokar zuciya na iya buɗa zuciyar ɓera ta raunana. Na biyu shi ne nau'inta: jan furotin DsRed, wanda aka samo daga murjani a 1999, yakan dunƙule cikin ƙwayar jiki, abin da ya sa aka ƙera nau'o'in da ba sa haɗuwa da juna, irin su mCherry a 2004. Na uku shi ne gurbin dasawa, domin ƙwayar gadon da ta faɗa ko'ina na iya katse wata wadda ɗan tayi ke buƙata. Na huɗu shi ne hasken da ake ɗaukar hoto da shi, wanda ke haifar da sinadarai masu lahani idan ya yi yawa.

Saboda haka masu bincike sukan dasa alamar a sanannen gurbi mai aminci kamar Rosa26, su rage ƙarfin haske, sannan su kwatanta ɗan tayin da 'yan uwansa marasa alama. Idan ba a yi hakan ba, ana iya ɗora wa wata ƙwayar gado laifin nakasar da alamar ce ta jawo.