Tarihin Gyaran Kafaɗa: Daga Diddigen Maɗori Zuwa Gaɓar Ƙarfe

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam, kuma babu babbar gaɓar da ta kai ta saurin gocewa, domin gurbin da kan ƙashin damtse yake zaune a cikinsa, a gefen allon kafaɗa, ba shi da zurfi, tsoka da jijiyoyi ne kawai suke riƙe da shi. Masu sana'ar gyaran kafaɗa sun shafe ƙarnuka hankalinsu na kan ƙashi kafin su ba waɗannan jijiyoyi haƙƙinsu.

Littattafan da ake dangantawa da Hippocrates, likitan ƙasar Girka wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun bayyana yadda ake mayar da kafaɗar da ta goce: a kwantar da majinyaci a ƙasa, a cusa masa ƙwallon fata a hammata, mai gyara ya zauna ya tokare ƙwallon da diddigensa, sannan ya ja hannun har kan ƙashin ya faɗa gurbinsa. Wanda kafaɗarsa ta saba gocewa kuwa, ƙona masa hammata ake yi da ƙarfe mai zafi don tabon ya ɗaure wurin. Aiki ne na lalube da tafin hannu, irin wanda masu ɗori suke yi a ƙasar Hausa har gobe, kuma sai a 1870 Theodor Kocher na ƙasar Suwizalan ya bayyana hanyar da ta dogara ga juya hannu a hankali maimakon ja da ƙarfin tsiya.

Sauya gaɓar ɗungurungum ya fara ne a birnin Paris a 1893, shekara biyu kafin a gano hoton ƙashi, lokacin da Jules-Émile Péan ya cire wa wani majinyaci ƙashin da tarin fuka ya cinye, ya sa masa bututun farin ƙarfe mai suna filatinam haɗe da ƙwallon roba da aka dafa a kakin farafin don ta yi tauri. Bayan shekara biyu aka ciro na'urar saboda wurin ya ƙi daina ruɓa, abin da ba zai ba da mamaki ba a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya karkato da hankalin likitoci zuwa ga ainihin matsalar shi ne Ernest Codman na birnin Boston, wanda littafinsa na 1934 ya nuna cewa ciwon kafaɗa da yawa yana tasowa ne daga yagewar jijiyoyin tsoka huɗun da suka lulluɓe kan ƙashin damtse kamar hula. A New York, Charles Neer ya ƙera wa waɗanda kan ƙashinsu ya rugurguje kai na ƙarfe, ya wallafa sakamakon aikinsa a 1955, daga baya kuma ya ƙara da gurbi na roba mai tauri. Sai dai gaɓar tasa, da yake kwaikwayon halitta ce, ba ta da wani kataɓus idan jijiyoyin nan sun riga sun lalace, don haka dattijon da ya fi kowa buƙatarta yakan fito daga tiyata ciwo ya lafa, amma ko hula bai iya ɗorawa a kansa.

Wannan giɓi Paul Grammont ya cike a birnin Dijon na Faransa a 1985, da dabarar da ta cancanci a jinjina mata: ya juya gaɓar, ya kafa ƙwallon a jikin allon kafaɗa, ya mayar da gurbin saman ƙashin damtse. Da wannan juyin, babbar tsokar da ta rufe kafaɗa daga waje ta samu madogarar ɗaga hannu ita kaɗai, ko da jijiyoyin ciki sun yage. Likitocin Turai sun yi kusan shekara ashirin suna aiki da ita kafin hukumomin Amurka su amince a sa wa majinyatansu.