Asalin Kalma: Almiski

Wannan "al" da ke goshin kalmar ita ke nuna cewa daga Larabci muka aro ta, kamar alƙalami da albasa. Su ma Larabawan aro suka yi daga Farisanci, inda ake cewa "mushk".

A da, almiski abu ɗaya ne: wani baƙin maiƙo da ke taruwa a ƴar jaka kusa da cibiyar namijin wata barewa ta tsaunukan Himalaya da Tibet. Ɗanyensa wari gare shi, sai an tsarma shi ƙamshin ke fitowa. Masu haɗa turare sun riƙa sa shi a ƙasan haɗin, domin shi ke riƙe tufa bayan ƙamshin fure ya gushe.

A bakin malami yana wa'azi, almiski shi ne ƙololuwar ƙamshi, ma'aunin ƙamshin Aljanna. A bakin mai gyaran amarya kuwa, farin mai ne a ƙaramar kwalba. Wannan farin haɗin masana'anta ne, irin da aka fara samarwa tun 1888, kuma na fi son sa, don ba a kashe barewa saboda shi.

Mai karatu, in ka je saye, tambayi mai turaren wanne ne a kwalbar.