Fulof da Matsalar Rarrabe Siffofi Masu Ma'auni Uku

A jometirin aljabara, siffofi biyu suna da alaƙar birashonal idan suka zama abu ɗaya bayan an cire wani ƙaramin yanki daga kowace. A siffofi masu santsi masu ma'auni biyu, batun ya daɗe da warwaruwa: aikin Castelnuovo da Zariski ya nuna cewa kowace irin wannan alaƙa tana tattare ne da matakai biyu kawai, buɗe ɗigo ya zama layi, ko matse layin ya koma ɗigo.

A ma'auni uku ne lamarin ya canza. A 1958 Michael Atiyah ya duba siffar xy = zw, wadda ke da ƙulli guda a tsakiyarta. Ana iya warware ƙullin ta hanyoyi biyu, kowace ta sa layi a gurbinsa, ta ba da siffa mai santsi. Babu wadda ta fi ɗaya sauƙi, kuma ba a zuwa daga wannan zuwa waccan sai an cire layin an dasa wani. Wannan musaya ita ce fulof.

Wasu na ɗaukar hakan a matsayin cikas, domin siffa mafi ƙanƙanta, wato wadda ba a iya ƙara matse ta, ta daina zama guda ɗaya. Ni ina ganin nan ne ainihin tsarin yake. Kollár ya tabbatar a 1989 cewa jerin fulof ne ke haɗa irin waɗannan siffofi a ma'auni uku, Kawamata kuma ya faɗaɗa sakamakon zuwa kowane ma'auni a 2008. Bridgeland ya nuna a 2002 cewa ɓangarorin biyu na fulof a ma'auni uku suna da rukunin aljabara iri ɗaya. Ke nan abin da ke canzawa kaɗan ne, abin da ke wanzuwa ya fi yawa.

Rarrabewar fa? Nan ne aka sha wuya. Reid ya kawo dangin fulof marasa iyaka a 1983, waɗanda yanayin layinsu bai isa ya bambanta su ba. Katz da Morrison, a 1992, suka nuna cewa wani adadi mai suna tsawo, daga 1 zuwa 6, ya dace da zanen Dynkin: A1, D4, E6, E7, sai E8 sau biyu. Shi ma tsawon bai wadatar ba. Shi ya sa Donovan da Wemyss suka haɗa wa kowane fulof aljabararsa ta matsewa, wadda ba koyaushe ake iya musanya jerin ninkinta ba, suka yi hasashen cewa ita kaɗai za ta tantance shi. Jasso da Muro, tare da Keller, sun tabbatar da hasashen.