Daga Gwanja Zuwa Guangzhou: Ɗalibi, Falke da Amanar Tafinta

Duk lokacin da aka yi maganar ɗaliban jami'a masu aikin sa kai don tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda kan faɗo mana a rai su ne matasan Turawa da ke tasowa daga ƙasashensu zuwa Afirka. Hakan kuwa yana da dalili. A shekarar 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila, a 1961 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, kuma da yawa daga cikin iyayenmu sun yi karatu a hannun malaman da waɗannan ƙungiyoyi suka aiko. Haka nan daga 2011 zuwa 2020 gwamnatin Birtaniya ta gudanar da shirin International Citizen Service, wanda wani reshensa ya riƙa tura matasa su yi kamar wata uku suna aiki da masu ƙananan sana'o'i a ƙasashe irin su Kenya da Gana.

To, amma akwai wani aikin sa kan da ba shi da ofis, ba shi da takardar yabo, kuma mu ne masu yin sa. Wato ɗalibin da ke karatu a ƙasar Sin, wanda za a kira shi daga gida a ce Alhaji wane na Kantin Kwari zai sauka a Guangzhou, a taimaka a tare shi, a zaga da shi kasuwa, a yi masa tafinta. Ni dai a ganina wannan tsohuwar kujera ce mai ƙa'idoji, kuma duk wanda ya hau ta bai san tarihinta ba, zai iya cutar da baƙonsa, ya kuma cuci kansa.

Bari mu fara da namu tarihin. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano, ƙarƙashin jagorancin madugu, su doshi Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yanzu, su yi watanni a hanya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Sai dai falke ba ya isa gari ya faɗa kasuwa kai tsaye. Yakan sauka ne a gidan fatoma, wato mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya fassara masa harshen gari, ya kuma tsaya masa idan aka yi ciniki bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, ya buga littafinsa a 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanu da na goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu ne a kan amanar waɗannan masu gida. La'adar dillali sananniya ce ga kowa. Mai gidan da ya ci amanar baƙo kuwa, labarinsa kan riga shi isa kowane zango, daga nan sai baƙi su ɗauke ƙafa.

Ita ma Guangzhou, wadda Turawa ke kira Canton, ta daɗe da sanin irin wannan aiki. Tun zamanin daular Tang fataken Larabawa da na Farisa ke zuwa nan ta teku, suna kiran garin Khanfu. Suna da unguwarsu da shugabansu, kuma wani labarin tafiya na Larabci da aka rubuta a shekarar 851 ya ambaci cewa akwai Musulmin da aka naɗa yana yi musu shari'a. Masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya yana nan har yau, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Akwai kuma hubbaren da mutanen gari ke dangantawa ga Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

A shekarar 1757 Sarki Qianlong ya taƙaita cinikin Turawa na teku ga wannan gari kaɗai, aka ci gaba da haka har zuwa yarjejeniyar Nanjing ta 1842. A wancan zamani Bature ba ya ciniki sai ta hannun wasu attajirai da hukuma ta ba izini, kuma kowane jirgi sai ya ɗauki tafinta mai lasisi, wanda zai kai takardunsa kwastan. An ma hana 'yan ƙasa koya wa baƙi Sinanci, shi ya sa Robert Morrison, ɗan mishan da ya iso a 1807, a ɓoye ya koyi harshen. Idan baƙo ya karya doka, sau da yawa a kan attajirin da ya tsaya masa da tafintansa hukunci ke faɗawa. Ashe ke nan a Gwanja da Guangzhou darasin ɗaya ne: mai tsayawa tsakanin harsuna biyu yana riƙe da dukiyar wani, kuma wuyansa ne a cikin igiya.

Yaya aka yi fatakenmu suka iso nan? A 1957 aka fara baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara. A watan Fabrairu na 1971 Nijeriya da Sin suka ƙulla huldar jakadanci, a 1978 kuma Deng Xiaoping ya fara buɗe ƙofofin tattalin arzikin ƙasar, lardin Guangdong ya cika da masana'antu. Rikicin kuɗi da ya auka wa ƙasashen Asiya a 1997 ya sa 'yan kasuwar Afirka da ke sayayya a Bangkok da Jakarta suka fara karkatowa nan, shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001 kuma ta ƙara buɗe hanya. A daidai wannan lokaci masaƙunmu na gida suna ta durƙushewa. Masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda Cha Chi Ming, attajiri daga Hong Kong, ya kafa a 1964, ta dakatar da aiki a 2007. Ɗan Kwari da ya saba saro atamfa a Kakuri ko Bompai, sai ya wayi gari yana neman biza.

Baƙin Afirka sun fi taruwa a unguwanni biyu. Xiaobei, inda ginin Tianxiu yake, ita ce ta fi jan Musulmi saboda gidajen abincin halal, Sanyuanli kuma ta fi cika da 'yan'uwanmu na kudancin Nijeriya. A 2014 hukumomin birnin sun ce 'yan Afirka kimanin 16,000 ne ke zaune a garin. A gefe guda kuma, bayan kafa dandalin haɗin gwiwar Sin da Afirka a shekarar 2000, guraben tallafin karatu sun ƙaru, ɗalibanmu suka shigo jami'o'i irin su Sun Yat-sen da Jinan da Jami'ar Koyon Aikin Likita ta Kudu. Da yawansu sukan yi shekara guda suna koyon Sinanci kafin su fara kwas ɗinsu. Haka falke marar harshe ya haɗu da ɗalibi mai harshe.

Daga abin da na gani a rakiyar da na yi wa wasu iyayenmu, asarar ƙaramin ɗan kasuwa ta fi zuwa ta ƙananan ƙofofi. Basine yana lissafi da wan, wato dubu goma, saboda haka idan ya ce wan goma, dubu ɗari yake nufi. Masana'anta tana awo da mita, Kwari kuwa da yadi, kuma yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. Turmin atamfa mai yadi shida yana iya zuwa da gibi idan ba a rubuta ba. Akan biya kafin alƙalami, sau da yawa kashi 30 cikin 100, kafin a fara aiki, kuma wanda bai riƙe samfur mai sa hannu ba, ba shi da abin nunawa ranar ɗaukar kaya. Masana'antu kan rufe na makonni a hutun sabuwar shekarar Sinawa, cikin Janairu ko Fabrairu, jirgin ruwa kuma yakan wuce wata guda kafin ya kai Legas, don haka kayan Salla kan iya isa bayan an sauko daga idi. Wani dattijo da na taɓa rakawa ya ce da ni, "Ɗana, kai ne idona, kai ne kunnena a garin nan." Na ce, "Baba, to sai ka bari a rubuta kome kafin ka miƙa kuɗi."

A nan ne kuma jarrabawar take. Sau da yawa mai shago zai juya ya ce wa tafinta da Sinanci, a gaban baƙon, nawa za a ɗora maka? Alhaji yana tsaye yana murmushi, bai san ana cinikin amanarsa ba. Ba laifi ba ne mutum ya ci ladan wahalarsa, domin ko a zango dillali yana da la'ada. Laifin shi ne a shigo da rigar taimako, a fita da la'adar ɓoye. Irin wannan ne ke sa a yi wa dukan ɗalibai kuɗin goro, alhali wake ɗaya ne ya ɓata gari.

Sai kuma maganar doka. Tun daga 2013, ƙa'idojin shige da fice na Sin sun tanadi cewa ɗalibi baƙo ba zai yi aiki a wajen makaranta ba sai da amincewar jami'arsa, tare da rubuta hakan a takardar izinin zamansa. Wanda ya mai da rakiya sana'a ba tare da wannan ba, yana iya fuskantar tara ko tsarewa ko kora. Kada mu manta cewa zaman baƙo a nan ba ya rasa tangarɗa. A Yulin 2009 da Yunin 2012 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a birnin kan yadda 'yan sanda ke mu'amala da su. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, har jakadun Afirka a Beijing suka kai ƙorafi a rubuce. A wannan wata hukumomi suka ce 'yan Afirka 4,553 ne suka rage a garin. Da ƙofofin ƙasar suka kasance a rufe ga yawancin baƙi har farkon 2023, 'yan kasuwa da yawa sun dogara ne ga waɗanda suka rage, ciki har da ɗalibai, su duba musu kaya ta hoton waya. Nauyin amanar sai ya ninka, tun da mai dukiyar ba ya ma wurin.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawarwari huɗu. Na farko, duk wanda zai raka baƙo ya faɗa tun a filin jirgi ko don Allah zai yi, ko akwai lada, kuma nawa ne. Na biyu, kada kuɗin ciniki ya bi ta asusun ɗalibi, kada kuma ya sa hannu a yarjejeniya da sunansa. Na uku, mu haɗa ɗan littafi da Hausa mai ɗauke da lissafin Sinawa da ma'aunai da ranakun hutu da samfurin takardar ciniki, domin taimakon da ya fi shi ne wanda zai sa Alhaji ya iya tsayawa da ƙafarsa a zuwa na gaba. Na huɗu, lokacin lacca da na jarrabawa ba na kasuwa ba ne. Karatu ya kawo mu, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai in ya koma da abin da aka aike shi.

Fatoman Salaga ba su bar mana benaye ba, amma sun bar wa Bahaushe sunan da ya sa ake ba shi kaya bashi daga Kumasi har Ibadan. Yau wani yanki na wannan suna yana hannunmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya mai da mu gida lafiya da ilmi mai amfani, amin.