Waiwaye Adon Tafiya: Daga Allon Zayyana Zuwa Lasifikar Makaranta

A wajen taronmu na bayan Sallah, kafin a buɗe da addu'a, wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Kaduna ya zagaya da wayarsa yana nuna wa jama'a bidiyon 'yarsa mai shekara shida. An ɗora ta a kan benci don bakinta ya kai ga lasifika, ta yi bayanin amfanin ruwa a gaban iyaye da malamai, babu gargada, babu sunkuyar da kai. Uban ya maimaita shi har sau uku, bakinsa har kunne. Wani dattijo daga cikinmu ya kalla, ya sa wa yarinyar albarka, sannan ya ɗago ya ce, "Kai kuwa, ba 'yar farinka ba ce?" Aka kwashe da dariya, uban ya mayar da wayar aljihu. Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda iyayenmu suke nuna farin ciki a ranar da ɗansu ya tsaya gaban jama'a.

Sanin kowa ne a gidajen da muka taso uba ba ya yabon ɗansa a bainar jama'a, balle ɗan fari, wanda ko sunansa uwa ba ta kamawa. Shi ma yaron an hore shi da durƙusawa da kawar da ido, ba ya tsoma baki in manya na magana. Wanda bai san mu ba sai ya ɗauka ba a ba yaro damar buɗe baki ko kaɗan. Ba haka ba ne. Akwai wuri guda da aka yarje masa ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa a gaban manya, har ma bulala ke jiransa in ya yi ƙasa da ita, wato makarantar allo.

Daga babbaƙu zuwa farfaru, yaro kullum a bayyane yake karatunsa: malam ya biya, ya maimaita, tsararrakinsa na ji. In ya kai wasu surori sanannu, kamar Sabbi ko Tabara ko Yasin, sai a kai sadaka makaranta, waina ko tuwo gwargwadon hali, kuma duk unguwa ta san ɗan gidan wane ya ci gaba. Ga kuɗin Laraba da uwa kan ƙulle a bakin zane, ko da ita ba ta ci ba.

Babbar rana ita ce ranar sauka. Ana rubuta Fatiha da farkon Baƙara a kan allo, a ƙawata shi da zayyana mai launi-launi, a sa wa yaro sababbin kaya, wani har da rawani. Malamai da dattawa su zauna a ƙofar gida, malaminsa ya biya masa, shi kuma ya karanta shi kaɗai, kowa ya yi tsit. To, ina uban yake a wannan lokaci? Sau da yawa yana can gefe yana fama da rabon goro, kamar abin bai shafe shi ba. Uwa kuwa tana ƙuryar ɗaki ko bakin murhu, ta kasa kunne ta bayan zana. Kaka da gwaggo su ne masu guɗa, kawu shi ne mai kyautar akuya ko kuɗi sa'ad da aka zagaya da allon gidajen dangi. Amma ragon da aka yanka, ko san da aka kayar a gidan mai hali, daga aljihun uban nan mai rabon goro ya fito, wataƙila ya shekara yana tanadi. Alfaharin yana nan, sai dai al'ada ta ɗauke shi daga bakin iyaye ta raba wa dangi. Dole kuma mu faɗi gaskiya, 'ya'ya mata kaɗan ne suka ga irin wannan rana, domin da yawansu aure kan riga sauka zuwa.

Da boko ya shigo, babu zancen alfahari da farko. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, a 1930 kuma aka fara makarantun 'yan mata a Kano da Katsina. Da makarantun elementare na En'e suka iso ƙauyuka, hakimai da dagatai aka ɗora wa nemo yara, kuma dattawanmu sun ba mu labarin waɗanda aka ɓoye a rumbu, da waɗanda aka tura wajen dangi a wani gari. Abin da ya fara sanyaya zuciyar iyaye ba wa'azin hukuma ba ne, amfani ne da suka gani da idonsu. Ranar da ɗan aji uku ya karanta wa ubansa rasidin haraji, ko ya warware wa maƙwabta wasiƙar da ta zo daga Kurmi, ko ya karanta wa mutanen dandali Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ranar ce aka fara cewa "ɗan wane ya iya". Kuma da Hausa ake koyarwa a azuzuwan farko, saboda haka uba yana jin abin da ɗansa ke faɗi. Kada mu manta, Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 ya yi jawabi da sunan Nijeriya, daga makarantar allo da elementaren ƙauye ya fara.

Mafi yawanmu masu karanta wannan mujalla 'yan zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976, ko ƙannensu. Mun tuna ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekara: a share fili, a yayyafa ruwa, a aro kujeru daga gidan hakimi, a yi muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo, wani ya ba da labari daga Magana Jari Ce da ka. Kyautar ba ta wuce littafin rubutu da sabulu ba, amma wanda ya karɓa yana tuna ta har yau da furfurarsa. Daga baya Islamiyyu suka yawaita, aka fara musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa a 1986 a ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, walimar sauka ta koma ta ɗalibai da yawa a rana ɗaya. A nan ne 'yan mata suka rama bashin da tarihi ya ci musu, har a wurare da dama sukan fi maza yawa a kan layi.

Ba mu ga laifin ɗan'uwanmu na Kaduna ba. Yaron da ya ga fara'a a fuskar ubansa gobe zai ƙara himma, kuma wasunmu sun girma ba su taɓa jin "madalla" daga bakin mahaifi ba, abin yana ransu. Abubuwa biyu ne suka tsaya mana. Na farko, jawabin yarinyar da Turanci ne tun daga farko har ƙarshe, kakarta da ke nan gida ba za ta tsinci ko kalma ɗaya ba, kuma da yawa cikin 'ya'yanmu na birni da ke zuba Turanci a lasifika ba sa iya haɗa gaisuwa cikakkiya in mun kawo su hutu. Na biyu ya fi ciwo. Firamaren garinmu, wadda ta yaye mu, ta yi shekaru ba ta yi ranar rabon kyaututtuka ba. 'Ya'yan yayyenmu da ƙannenmu da suka zauna suna noma gonakin gado suna gama aji shida ba a taɓa kiran sunansu a gaban jama'a ba, alhali da su ne namu za su nemi gurbin jami'a da aiki.

Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyar burtsatse, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da wannan rana ke bukata bai kai kuɗin kwanon rufin aji ɗaya ba: rumfa, lasifika, littattafai, da kuma mu kanmu a kan kujerun. Shawararmu ga kwamitin ilimi ita ce a tsayar da rana a ƙarshen zangon karatu na uku, a yi rabin shirin da Hausa, kowane reshe kuma ya zo da 'ya'yansa su tsaya layi ɗaya da na gida. Dattijon nan da ya yi tambayar ya riga ya ce shi zai ɗauki nauyin goro.